Ba Sai Auta Ta Maimaita Ba

A barandar asibitin yara suka fara haɗuwa, ita riƙe da hannun ƙanwarta Auta, shi riƙe da fayil. Malamar makaranta ce, kuma ran nan a wuya take.

"Malam nas, sau uku ke nan yarinyar nan tana ba da labarin haɗarin da ya kashe ƙawarta. Ofishin makaranta, wurin likita, wurin jami'ar walwala, kowa sai ya ce ta faro daga farko. Yanzu ta daina magana gaba ɗaya."

Ya durƙusa gaban Auta. "Ni ba zan tambaye ki ba. Su zan je in tambaya."

Da izinin Baba, mahaifinsu, ya bi ofisoshin uku da ƙafarsa, ya haɗa bayanan a takarda ɗaya. Auta ta soma cin abinci. Yayarta kuwa kullum sai ta kira shi, wai godiya, godiyar da ba ta ƙarewa sai cajin waya ya ƙare.

Kwatsam sai ya miƙa Auta ga wata likita. Nan take Malama ta tura masa saƙo:

"Ka yar da ita. Yanzu za a sake tone mata ciwon."

Ya amsa: "Sanyin idona, yayarta nake son aura, bai kamata in ci gaba da duba ta ba. Ku kawo ta Litinin."

Baba da ya ji maganar auren ya murtuke fuska. "Mutumin da ya san cikinmu kaf? Kuma ya saki yarinyata a tsakiyar hanya? A'a."

Litinin Baba da kansa ya raka su. Minti arba'in ƙofar likitar na rufe, Malama na jira a waje, tsoro ya cika ta.

Auta ta fito.

"Baba," ta ce, muryarta a dishe, "likitar ta ce ta karanta komai a takardar. Zane kawai muka yi."

Wata biyar rabon Baba da jin muryar nan. Ya juya baya ya share ido, sannan ya hango nas ɗin can ƙarshen baranda.

"Kai, zo nan. Ka turo manyanka."

Ranar biki wata gwaggo ta tambayi yadda ango da amarya suka haɗu.

"Ni zan faɗa!" in ji Auta.

Sau huɗu ta ba da labarin ran nan, ba wanda ya sa ta. Allah Ya ba su zaman lafiya.