Ranar da Jami'in Haraji Zai Zo Duba Ɗaki

Da yammacin Talata, ana tsakiyar hunturu, aka bugo waya caji ofis cewa an tsinci wani tsoho, Ewald Tietjen, a sume cikin ɗakin ajiyar kayan aikin lambu da ke bayan gidansa. Insifekta Hauke Brodersen ya fara da asibiti. Mutum ne marar fara'a, kuma bai taɓa wahalar da kansa wajen ɓoye hakan ba.

Ya tarar tsohon ya farfaɗo, yana makyarkyata cikin bargo.

"Kulle ni aka yi," in ji tsohon.

"Wa ya kulle ka?"

Tsohon ya juya fuskarsa bango.

A bakin ƙofa 'yarsa Birte ta tare Insifektan. "Yallaɓai, kar ka ɓata lokacinka. Baba ya rikice, fita yake yi ya manta hanya. Na riga na yi magana da likita, daga nan gidan tsofaffi za a wuce da shi."

"Hankalina ya fi naki," tsohon ya amsa daga kan gado. "Da hannuna na gina gidan nan, kuma a cikinsa zan mutu."

Brodersen ya gane inda aka dosa. In maganar 'yar ta zauna, tsohon ya yi ban kwana da gidansa ke nan.

Washegari ya je wurin maƙwabciyar da ta bugo waya, Frau Oltmanns, wato Malama Oltmanns, wata gwauruwa da ta san lokacin da kowa a layin yake fitar da shara.

"Tun da hantsi nake jin bugu," ta ce. "Na ɗauka sokon mijin nan na Birte ne yake gyara wani abu. Da na gaji na tsallaka, sai na ga sakata a rufe."

"Ta ciki ko ta waje?"

"Kai ne ɗan sanda, je ka duba mana. Ta waje. A kan gadonsa na same shi, ya sandare."

"Gado a ɗakin kayan aikin lambu?"

"Ka tambaye su. Ni ba na shiga harkar mutane."

Brodersen ya kalle ta, ya kalli tabaran hangen nesa da ke ajiye a tagarta, sannan ya nufi ɗakin ajiyar.

Gadon yana nan kuwa, tsakanin injin yankan ciyawa da buhunan taki, an jingina allunansa a bango, katifar a ƙasa.

A cikin gida Malte, mijin Birte, ya buɗe masa ƙofa yana dafe da ƙugu. Direban babbar mota ne, ƙato, amma a gaban matarsa ko tari sai ya nemi izini.

"Me ya sami bayanka?"

"Aiki ne."

"Ina surukinka yake kwana?"

"A sama," Birte ta riga shi amsawa.

Brodersen ya dubi matakalar, ya dubi keken dogarawa na tsohon da ke gindinta. "Da wannan yake hawa? Ashe jarumi ne. Wancan ɗakin na ƙasa fa?"

"Ofishina ne. Daga gida nake aiki."

A nan ƙasar kowa ya san dokar ɗakin aiki. In kana so a rage maka haraji saboda ɗakin da kake aiki a gidanka, to ɗakin ya zama na aiki zalla. Jami'i ya leƙo ya ga gado, zance ya ƙare, har abin da ka ci a baya sai an tono. Mutanenmu kuwa za su iya shirga wa ɗan sanda ƙarya ido cikin ido, amma a ce jami'in haraji na tafe, sai ka ga kowa ya shiga taitayinsa.

Ɗakin tsaf yake, tebur da kwamfuta da kantar takardu. Sai dai warin man zafi ya kama labule. Brodersen ya tsuguna ya shafa kafet, ya ji ramukan da ƙafafun gado suka bari. A bango, daidai gefen tebur, akwai ƙarfen da tsofaffi ke kamawa in za su tashi.

"Aikin naki da wuya ke nan, tunda sai kin kama ƙarfe kike miƙewa."

"Ba ka da hurumin yi min ba'a a gidana."

"Gidan babanki. Yaushe jami'in haraji ya ce zai zo?"

Malte ya zauna a kan kujera daɓas.

"Jiya," ya ce. "Ita a teburin kicin take aiki, ɗakin na Baba ne. An kai tsegumi ofishin haraji, kuma mun san ko wace ce. Ni dai gado na fitar da safe, na tafi aiki. Lokacin Baba yana shan kofi."

"Rufe min baki, Malte."

"Ba zan shiga kurkuku saboda ke ba."

Brodersen ya juya gare ta. "Saura ke da mahaifinki a gida. Wa ya ja sakatar?"

Ba ta yi kuka ba, fushi ne ya taso mata. "Cewa na yi ya je gidan shayi ya zauna, ya ƙi. Ya ja kekensa ya bi gadon, wai a kansa Mama ta rasu. Ya zauna a katifa ya ce yana jin ƙararrawar ƙofa zai fito ya gaya wa jami'in komai. Ni nake yi masa wanka, ni nake dafa masa abinci, na bar aikin ofis na dawo gida dominsa, shi ne zai tona min asiri? Na ja sakatar. Na ce ɗan lokaci ne, mutumin ya duba ya tafi."

"Ya zo?"

"Bai zo ba. Na yi ta jira."

"Kin ji bugun?"

Ta kalli tebur. "Na sa abin sauraro a kunne."

Brodersen ya ji ransa ya ɓaci ƙwarai, irin ɓacin da ya daɗe bai ji ba a aikin nan. Ya kira wata 'yar sanda da ke jiransa a mota. Da aka fito da Birte, Frau Oltmanns tana tsaye a bakin shinge ta harɗe hannu.

"Hankalinki ya kwanta, tsohuwar munafuka?" Birte ta jefa mata.

"Ni ofishin haraji na kai ƙara, ban ce ki daskarar da ubanki ba."

Da rana Brodersen ya koma asibiti. "Herr Tietjen, hankalinka ƙalau. Ta amsa laifinta, tana hannunmu."

Tsohon ya daɗe yana kallonsa. "Cewa na yi ka yarda da ni. Ban ce ka kama min 'ya ba." Ya share ido da bakin bargo. "To yaushe zan koma gida?"

Likitar da ke tsaye a gefe ta gyara murya. "Wa zai kula da kai a can? Surukinka kullum yana kan hanya. Ba za mu sallame ka zuwa gidan da babu kowa ba. Gobe motar gidan tsofaffi za ta zo."

Tsohon ya dubi Brodersen yana jiran ya ce wani abu. Insifektan ya ɗauki hularsa ya fita.