Abin da Aka Sa a Firji

Ana gab da kiran magariba motar ta sake mutuwa a bakin ƙofar gida. Tsohuwar mota ce ta Baba, amma babbar 'yarsa, wadda ake kira Yaya, ita ke zuwa aiki da ita. Ta buɗe gaban motar, ta taɓa rile, ɗan baƙin akwatin da ke ba famfon mai wuta. Ya ɗau zafi kamar garwashi.

Sau da yawa Baba ya kai motar wurin mai wayarin, mai gyaran wutar mota. Mutumin bai auna famfo ba, bai duba wayar ba. Cewa ya yi in rilen ya yi zafi, a cire a sa a firji ya huce. Wannan ba gyara ba ne, ganganci ne da rayukan mutane. Yaya ta cire rilen, ta naɗe shi a gefen mayafinta, ta sa a firji, ta rufe.

Duhu bai gama sauka ba dutse ya faɗo kan kwano. Wani ya biyo. Baba ya leƙa waje, ba kowa. Sai gidan ya yi tsit, kuma cikin shirun suka ji kukan jariri, siriri, daga kicin.

"Baban Yaya," in ji Mama, "mu fa ba mu da jariri."

Suka tarar da Yaya a ƙasa tana karkarwa, haƙoranta na haɗuwa. Bargo nawa aka lulluɓa mata, jikinta kamar ƙanƙara. Baba ya aika a kira malamin da ke yi wa masu aljanu karatu.

Malamin ya zauna a gefenta, ya daɗe yana karatu. Can ta buɗe ido, wata tsohuwar murya ta fito daga bakinta.

"Kun sa mini ɗa a sanyi."

"Wace ce ke?"

"Uwarsa. A ɗumin akwatin nan yake barci. Yadda yake ji, haka 'yarku za ta ji."

Mama ta ruga ta ɗauko rilen daga firji. Kukan ya tsaya.

Baba ya miƙe a fusace. "Ashe ku ke kashe mini mota a tsakiyar titi!"

Muryar ta yi dariya. "Tsoho, zafin muka tarar. Famfonka ya gaji, yana jan wutar da ta fi ƙarfin akwatin, bakin wayar kuma ya yi tsatsa. Je ka kama wanda ya cuce ka. Ni dai a bar mini motar."

"Ba ki da mota a nan," in ji malamin.

"To in zauna a jikin yarinyar, tana da ɗumi."

Malamin ya ɗaga murya da karatu har ta yi ƙara.

"Tsaya! A ba ni akwatin kawai. A ajiye inda rana ke bugawa, kada a waiwaya."

"Ki rantse ba za ki dawo ba."

Ta rantse. Baba da kansa ya kai rilen bayan katanga, ya juyo bai waiwaya ba, yana faɗin gobe sai mai wayarin ya maimaita shawararsa a gaban shugaban makanikai.

Da ya shigo, Yaya ta yi atishawa. Gumi ya karyo mata a goshi. Ta dubi tulin bargunan da ke kanta, ta ce da muryarta ta kullum:

"Mama, dafa ni za ku yi?"