Dukushin Gisma

Annur bai gama sallama a gidan Alhaji Bishara da ke Durbali ba, ya ji an cafke masa kafaɗa ta baya. Ya juya a fusace, sai ga wani jan dukushi riƙe da rigarsa a baki. Can wajen turke wata budurwa ta rufe fuska da gefen lafaya tana dariya.

"Gaisuwa ce," in ji ta. "Asal ba ya cizon wanda bai yi masa ba."

"To ki ce masa na amsa. Allah ya sa ba haka sauran 'yan gidan ke gaisuwa ba."

Gisma ke nan, autar Alhaji. Uwar dukushin ta mutu yana da kwana tara, ita ta raine shi da nonon akuya. Yanzu watansa biyar, ba wanda bai ciza ba a gidan, har ya fara ɗora wa mutane ƙafafun gaba. Shi ya sa aka kira Annur, mai duba dabbobi.

"Ki daina ba shi sukari a tafin hannu," ya ce mata. "Da ya miƙo baki, ki ture kansa nan take, ki daka masa tsawa, ki yi tafiyarki. Ban da duka. Shi fa gani yake ke ma goɗiya ce."

"Ni ce goɗiyar?"

"Shi ya faɗa, ba ni ba."

Aikin kwana uku ya zama na wata biyu. Ran nan da hantsi saƙonta ya shigo wayarsa: "Likitan Asal, yau sau ɗaya ya cije ni. Na yi masa tsawa, ya tsaya yana kallona, ni kuma na koma ɗaki na yi kuka."

Ya amsa: "Maman Asal, gobe zan zo in lallashe ku duka biyun."

Da Annur ya tura kawunsa neman aure, Alhaji ya ce sam. Shi da ya gaji dawaki ba zai ba da 'yarsa ga wanda ko jaki bai ɗaure ba. Ransa na kan Hisen, ɗan wansa, mai fataucin shanu.

Ranar da Hisen ya zo, ya dinga tsokanar Asal da hannun riga yana nuna shi gwani ne. Asal ya gartsa masa cizo a damtse har jini. Hisen ya zaro bulala ya shiga zabga masa, sai da Gisma ta shiga tsakani. Alhaji ya ce ya gaji, a kai dukushin kasuwa.

Washegari ta tarar da turke wayam. Aka ce mata Annur ne ya ja shi. Ta rubuta masa: "Ashe da kai za a sayar min da ɗa. Kada ka sake kirana."

"Ba kasuwa na kai shi ba, sanyin idona. Na roƙi Abba kwana arba'in. Yana garken kawuna, wurin wata tsohuwar goɗiya. Da ya cije ta za ta rama, abin da ni da ke ba za mu iya ba."

Sai la'asar ta amsa: "Ka tabbata ba ta yi masa da ƙarfi?"

Ranar arba'in Annur ya dawo da shi a ragama. Alhaji ya naɗe hannun riga, ya miƙa masa damtse. Asal ya sansana, ya kawar da kai. Alhaji ya juya masa baya, Asal bai taɓa shi ba. Tsohon ya daɗe yana shafa wuyan dukushin.

"Hisen minti biyar ya yi da shi ya zaro bulala," ya ce. "Ita ma waccan da ke laɓe bayan zana, a tafin hannu na raine ta. Za ka iya?"

"Abba!" in ji Gisma daga bayan zana.

Bayan girbi aka ɗaura aure, gangar Shuwa na tashi har bakin kasuwa. Da za a fita da amarya, Alhaji da kansa ya kwance Asal ya danƙa wa Annur igiyar.

"Yanzu ka ɗaure doki," ya ce. "Allah ya zaunar da ku lafiya, ya ba ku zuriya mai albarka."

Daga cikin lulluɓi Gisma ta ce amin, har sau uku.