Kwallin Maƙwabciya

Ku matso, ku rage murya. Ke Hansatu, tunda ke za ki raka mijinki asibitin waje, ki buɗe kunne. Ko babansu Barira bai san ƙarshen wannan labari ba.

Shekara uku ke nan da na kai 'yata Barira Alƙahira aikin ido. Shekarunta goma sha tara, idanun duka biyu suna dushewa. Otal ya fi ƙarfinmu, sai aka kama mana gidan haya na sati biyu, a hawa na shida. Ɗaki biyu da kicin. Komai na wasu ne: zanin gado, cokula, har silifas ɗin wani a bayan ƙofa. Na kasa sakewa. In zauna, in tashi, in duba makulli, in sake dubawa.

Ranar Litinin aka yi aiki, aka naɗe mata idanu. Likita ya ce ta bakin tafinta kada a buɗe sai Asabar, kada komai ya shiga. Na ce, "Za ta gani?" Sai ya juya tafin hannunsa, sama da ƙasa. Wannan juyin hannu ya hana ni sakat.

Na taho da garin tuwo da kuka da daddawa. A gidanmu kuwa ba a sauke tukunya a manta maƙwabci. Na zuba a kwano, na ƙwanƙwasa ƙofar da ke kallon tamu. Rana tsaka ce, ana shirin kiran azahar.

Wata tsohuwa ta buɗe kaɗan. Siririya, lulluɓe har ƙasa.

"Miyar kuka," ta ce. Da Hausa.

Na ji kamar in rungume ta. "Iya, ashe 'yar gida ce? Yaushe a garin nan?"

"Da ƙafa muka zo. An daɗe."

Abu ɗaya na lura. Bakinta yakan rufe kafin maganar ta gama fita. Na ce rashin barci ne ke wasa da ni.

Kwana uku ina kai mata. Ranar Alhamis ta dawo da kwanon da kanta, ta ce dubiya ta zo. Wa ke korar mai dubiya? Na ce bismillah, ta shigo, ta tsaya bakin gadon Barira.

"Sannu, 'yan mata."

Barira ba ta amsa ba. Na mintsine ta, ina jin kunya.

Tsohuwa ta miƙo kwanon. A ciki akwai ɗan tandun kwalli.

"Kwano ba ya komawa haka nan. Ki sa mata. Za ta gani."

"Iya, likita ya hana."

"Shi ya ce miki za ta gani?"

Na karɓi kwanon. Ta fita.

Ina rufe ƙofa Barira ta laluba ta riƙe zanina.

"Umma, wa ya shigo da akuya?"

"Wace akuya kuma?"

"Na ji kofato a kan tayil. Ƙwas, ƙwas. Har bakin gado, ya tsaya."

"Ba ki ji tsohuwa ta gaishe ki ba?"

"Ke kaɗai na ji kina magana."

Ban jira lif ba, na sauka da ƙafa wajen mai gadin benen. Ba ya jin Hausa, ba na jin Larabci. Na jawo shi har sama, na nuna ƙofar. Ya dube ni, ya zaro makulli, ya buɗe. Ma'ajiyar tsintsiya ce da bokitai. Ko mutum ɗaya ba zai iya kwanciya a ciki ba. A ƙasa ga malmalar tuwona uku a jere, ba a taɓa ko ɗaya ba.

To ga inda nake so ku ji. Na san ko mece ce. Ba zan ce ban sani ba.

Na jefa tandun a shara. Na ɗauko. Na sa a bakin taga, na karanta abin da na iya, na sake ɗaukowa. Na kewaya ɗakin nan ya fi sau ɗari. Ranar Juma'a Barira ta ce, "Umma, in aka buɗe ban gani ba, kada ki yi kuka gaban likita. Zan iya koyon saƙa da hannu." Tana faɗa tana dariya.

Da la'asar maganinta ya sa ta barci. Na ɗaga audugar idon hagu kaɗan. Na ce ɗaya kawai, in ya ɓaci ɗaya ya rage. Na zizara mata.

Asabar aka buɗe. Na dama yana gani dishi-dishi, sai da tabarau. Na hagu kuwa tar. Likita ya haska, ya sake haskawa, ya kira wani likitan. Ni dai ina ta hamdala.

Muka koma gidan hayar. Na buɗe ƙofa, Barira ta tsaya cak, ta ƙi shiga.

"Umma," ta ce a hankali, "duk waɗannan tare da mu suke kwana?"

Falo wayam. Kujeru biyu da tebur.

"Su nawa ne?"

"Har kan gadonki akwai."

Jakunkunanmu mai gadi ya fito mana da su. Sauran kwanakin a bencin asibiti muka yi su.

Yanzu kun ga tabaranta, gilashin hagu baƙi ne. Tana ce wa mutane haske ke damunta. Ba ta zuwa kasuwa, ba ta shiga gidan da aka daɗe ba a zauna ba.

Don haka Hansatu, in kun sauka a gidan haya a garin da ba naku ba, ki dafa, ku ci, ki rufe ƙofa. Kada ki ƙwanƙwasa wa wanda ba ki ga shigowarsa daga titi ba. Kuma kada ki zauna ke kaɗai da tsoro, ki kira gida.

Shekaranjiya muna tsince shinkafa Barira ta ce, "Umma, wai me likitan nan ya sa mini a ido?"

Na ce ban sani ba.