Lambobin da Ɗan Gayu Bai Gani Ba

"Yatsu kawai za ki ɗaga mini fa. Wannan ma sai na roƙe ki?"

Saurayina ke nan, tsaye a bakin falonmu, ransa a ɓace. Ni kuma ina riƙe da wayarsa, ina kallon wata da'ira cike da ɗigo-ɗigo, ja da kore. Ga lamba bakwai ɓaro-ɓaro a tsakiya. Shi kuwa ya ce tarin tsakuwa kawai yake gani.

Na daɗe da sanin idonsa ba ya rabe ja da kore. Tun ranar da ya zo wurina da safa ɗaya ja, ɗaya ruwan ƙasa, yana wani taku ɗai-ɗai, na laƙaba masa Ɗan Gayu. Ni nake zaɓar masa riga a kanti, mu yi ta dariya. Ban taɓa ɗaukar abin a bakin komai ba.

Babana tsohon direban jirgin ƙasa ne. Shi ya yi masa hanya a kamfanin da ya yi wa aiki, ya kuma ce da zarar an ɗauke shi koyon tuƙi, sai a sa ranar aurenmu. Matakin farko gwajin launi ne ta intanet, daga gida, kyamara tana kallon fuskar mai gwajin. Dabarar Ɗan Gayu ita ce in zauna a gefe, inda kyamarar ba ta kaiwa, ina nuna masa lambobin da yatsu.

Na ce ai ko ya tsallake wannan, likita zai sake duba shi. Ya ce in an je can a san yadda za a yi. Ya ce ya daɗe yana tuƙa mota bai taɓa keta danja ba, ya san fitilar sama tsaya ce, ta ƙasa wuce.

"Zuciyata... in ba ke ba, wa nake da shi?"

Ina son mutumin nan fiye da yadda nake iya faɗa. Na ce to.

Ranar gwajin da safe ina goge tebur, Baba yana shan shayi, bakinsa har kunne, don bai san komai ba. Ya ɗauko labarin aikinsa kamar yadda ya saba. Ya ce mutane suna ɗauka jirgi kamar mota ne, alhali in duhu ya yi babu sama babu ƙasa.

"Fitila ɗaya ce tak, can nesa, 'yata. Ko ja ko kore. Ga jama'a a bayanki, kowa ya saki jiki yana barci."

Na ci gaba da goge inda na riga na goge.

Da Ɗan Gayu ya iso, Baba ya yi masa addu'a ya shige ɗaki don kada ya dame shi. Muka kunna kwamfuta. Da'irar farko ya karanta da kansa, ashe ita kowa yana ganinta. Ta biyu ta fito. Takwas ce, ina ganinta.

Ya saci kallona.

Hannuwana suna kan cinyata, sun yi nauyi kamar ba nawa ba. Lokaci ya cika, wata ta fito, huɗu. Ya sake kallona, wannan karon bai ma damu da kyamarar ba. Hawaye suna zubo mini, amma ko ɗan yatsa ban motsa ba. Haka ya yi ta canka har aka gama.

Ya rufe kwamfutar a hankali. Da ma faɗa ya yi mini, da ya fi sauƙi.

"Lambobin ban gan su ba," ya ce. "Amma hannunki na gan shi."

Baba ya fito da saurinsa. Da ya ji sakamakon, sai ya dafa kafaɗarsa ya ce ba laifinsa ba ne, haka Allah ya yi shi, ya nemi wani aikin, ƙofarmu a buɗe take.

Bai sake shigowa ta ƙofar ba. In na kira shi yana ɗauka, ya gaishe ni kamar wata maƙwabciya, ya ce yana wani uzuri. Daga baya yayarsa ta gaya mini ya bar garin. Abin da ya fi ci mini rai shi ne, na san ko yau aka mayar da ni kujerar nan, haka zan sake zama.

Har yanzu Baba yakan dube ni ya ce, "Wai me kika yi wa yaron nan?"

In ce masa ban yi komai ba. Kuma gaskiya nake faɗa.