Jan Farce a Kan Sukurun Saba

Sufeto ya tsani sanyi, ga shi an kawo shi ginin da babu komai cikinsa sai sanyi da gurnanin fanka. Kamfanoni ke haya a nan, kowa da kejinsa na ƙarfe da kwaɗo, inda yake ajiye saba, wato na'urar da ke riƙe da shafinsa na intanet.

Matar da ta kira shi tana tsaye gaban nata kejin, idonta ja. Shafinta ne asibitoci ke ajiye bayanan marasa lafiya a ciki.

"Faifai biyu ne a ciki, Sufeto, abin da ke wannan shi ke wancan. An zare ɗaya an sa sabo. Idan bayanan nan suka fita, kamfanina ya mutu, asirin mutane ya tonu."

"Yaya aka yi kika gane?"

Ta nuna masa sukurun murfin. Kowanne an ɗiga masa jan farce shuɗi mai ƙyalli. Ranar da ta kafa sabar, bayan ta toshe duk wata kafa ta intanet, sai ta yi wannan don ta gane idan wani ya sa hannu ya buɗe.

"Kafin ya bushe nakan danna farcena, ya bar ɗan tabo. Ban taɓa gaya wa kowa ba. Duba, waɗannan sumul suke."

Sufeto ya fara da mai gadi, wanda ya rantse tun ba a tambaye shi ba. Katinsa na buɗe ƙofa ma ba ya buɗe ɗakin, sai aka sallame shi.

Injiniyan ginin kuwa yana da makullin kowane keji, yana ta zufa cikin wannan sanyin. Hakan bai yi wa Sufeto daɗi ba.

"Mene ne wannan shuɗin?" ya tambaye shi.

"Ba fentin masana'anta ba ne, ranka ya daɗe?"

Ana haka yayan matar ya iso, abokin kasuwancinta, wanda shi ma yake da katin shiga ɗakin da makullin kejinsu. Ya shigo da faɗa, hannu cikin aljihu.

"Me ake jira? Ga mai makulli nan! Ƙanwata, na sha gaya miki mutanen nan ba abin yarda ba ne."

"Yaushe rabonka da nan?" in ji Sufeto.

"Shekaranjiya na leƙo, kamar yadda na saba. Laifi ne?"

Sufeto ya juya ga matar. "A ina ake sayar da wannan launin?"

"Ba a sayarwa. Ni na haɗa kala biyu a kwalba ɗaya. Tana gida, cikin durowata."

"Wa ke shiga gidan?"

Ta juya ta dubi yayanta.

Sufeto ya miƙa wa yayan hannu kamar mai sallama. Mutumin ya yi jim, amma kunya ta sa ya fito da nasa. Sufeto ya riƙe shi gam, ya juya babban yatsan sama. Fatar gefen farcen ta ɗaye, an kankare ta da reza, duk da haka ga ƙyallin shuɗi maƙale a lungu.

"Baƙo zai buɗe murfi ya tafi abinsa, ko ya shafa launin da ya samu a kanti," in ji Sufeto. "Wanda ya mayar da wannan launin daidai, daga durowarta ya ɗauko shi. Ka san kwalbar, ba ka san tabon ba. Kuma ba ka iya shafawa ba. Ina faifan?"

Yayan ya dubi keji, ya dubi ƙasa. Faifan yana cikin motarsa, ƙarƙashin kujera. Wani kamfani ne ya yi masa alkawarin muƙami idan ya kawo shi gobe.

Injiniya ya zauna daɓas a ƙasa yana hamdala. Sufeto ya zaci matar za ta yi kuka ko zagi, har ya ji tausayinta. Sai ta buɗe jaka, ta ciro ƙaramar kwalba da auduga, ta ajiye a tafin yayanta.

"Da wannan ake goge shi, Yaya. Da ka tambaye ni, da ba ka ji wa kanka ciwo ba."

Ta karɓe katinsa, ta miƙa wa mai gadi.