Gwangwani a Ƙarƙashin Madubi

A Jalan Semarak, unguwar jami'arsu a ƙasar waje, in aka ambaci Sufeto Ɗayyabu, sai ɗalibai su ce, "Baban aji ke nan, sai ka gaji da magana bai gaji da ji ba." Wasu kuma su ce shekara goma sha biyar ya yi yana koya wa kuratan 'yan sanda harbi a gida, kafin furfura ta rako shi karatu. Wannan ta biyun ce ta sa Sufeto Rosli, ɗan ƙasar, ya nemi ya taya shi ido bayan an sassauta kullen korona.

Ƙarar sata ce. Wani kulob ɗin harbi ya ara wa Fatihu, ɗalibin digiri na uku, madubin bindiga mai tsada don gwada wani sabon mariƙin madubi. A mita ɗari, harsashi ya faɗa tsakiya. A mita ɗari huɗu ya bauɗe. Da aka duba, madubin jabu ne, kuma Fatihu kaɗai ke da makullin akwatinsa. Kwanansa tara a tsare, jibi kotu, daga nan kora gida hannu rabbana.

Ɗayyabu ya shimfiɗa takardun da aka harba. "Ramukan ba su warwatse ba. Duk dama suka yi."

"Iska?" in ji Rosli.

"Iska ba ta cika alkawari haka. Madubin a karkace yake zaune. Kusa tana rufa asiri, nesa ke tonawa."

Ya kwance zoben mariƙin. Ga ɗan yankin gwangwanin madara, ninki uku. Jabun ya fi na ainihin siranta, sai aka yi masa ciko.

Aka kawo Fatihu, idanu sun faɗa.

"Ina kake ajiye makulli?" in ji Ɗayyabu.

"A wuyana, yallaɓai."

Ɗayyabu ya zuba masa ido.

"Sai dai lokacin da cutar korona ta kwantar da ni. Usaini, abokin ɗakina, shi ya yi jinyata. Ɗakin gwajinmu ɗaya."

"Tare kuka ƙera mariƙin?"

"Ni kaɗai." Ya kawar da kai.

A ɗakinsu da ke unguwar Wangsa Maju, Usaini ya buɗe musu ƙofa yana dariya. "Baba, ni ko bindigar wasa ban taɓa riƙewa ba, lah," ya ce, yana kwaikwayon bakin 'yan ƙasar.

Ɗayyabu ya shiga ɗakin. Fankar da ke juyawa a lungu yake kallo.

"Wa ya gyara wuyan fankar nan?"

"Ni. Babana mai gyaran keke ne a Gumel. In sirdi yana rawa, gwangwani muke yankawa, mu ninka…"

Maganar ta maƙale. Ɗayyabu ya kashe fankar, ya zaro cikon, ya jera shi da wanda ke aljihunsa. Ninki uku, jan rubutu iri ɗaya.

 Usaini ya tura hannu cikin buhun shinkafa, ya fito da madubin a naɗe cikin leda.

"Ban sayar ba. Jabun ma da kuɗin abincina na saya a kasuwar Chow Kit. Wata bakwai ina zana mariƙin nan, Baba. Takardar binciken ta fito da sunansa da na malaminmu. So nake ya ji kunya a gaban mutane, shi ke nan."

"Kwana tara yana tsare, kai kana nan kana shan fanka."

"Na sani."

Rosli ya ɗaura masa ankwa.

A ƙofar caji ofis suka yi kiciɓis, ana fito da Fatihu, ana shiga da Usaini. Ɗayyabu ya dakata, ko Usaini zai nemi gafara. Ko kallon abokinsa bai yi ba.

Fatihu ne ya sauke takunkumin fuska, muryarsa a dushe.

"Usaini, ni na cire sunanka daga takardar. Ka yafe ni."